Inda Dariya Ke Tsayawa: Nazari a Kan Shirin Talabijin na M*A*S*H (1972–1983)

Tsakure

Takardar nan ta dubi M*A*S*H, shirin talabijin na Amurka mai dogon zango a kan likitocin soja da nas-nas a yaƙin Koriya. Ta fara daga wani ɗan sharaɗi da masu shirin suka gindaya wa gidan talabijin na CBS tun ranar farko, wato kada a ji dariya a ɗakin tiyata. A ganin takardar, wannan iyaka ce ta ba shirin ikon haɗa barkwanci da mutuwa, kuma ita ce ta yi ta faɗaɗa har ta kusa cinye barkwancin. Daga nan takardar ta tambayi su wa aka bari a waje, inda ta gano cewa zaɓen likita a matsayin jarumi ya ba mai kallo a Amurka damar ƙyamar yaƙi ba tare da an titsiye shi a kan abin da ya sami mutanen Koriya ba.

1.0 Gabatarwa



Yaƙin Koriya ya ɓarke ranar 25 ga Yunin 1950, aka sa hannu a kan tsagaita wuta ranar 27 ga Yulin 1953. Shekara uku ke nan da wata guda. Shirin da aka gina a kan wannan yaƙi ya fara fitowa ranar 17 ga Satumban 1972, bai tsaya ba sai 28 ga Fabrairun 1983, bayan zango 11 da kashi sama da 250. A daren da aka nuna kashin ƙarshe, kimanin mutum miliyan 105.9 ne suka zauna gaban akwatin talabijin a Amurka, kuma har yau babu wani kashi na wasan kwaikwayo da ya tara jama'a haka a ƙasar.

Tushen labarin littafi ne da ya fito a 1968 da sunan Richard Hooker. Sunan aro ne. Mai shi likitan tiyata ne, H. Richard Hornberger, wanda ya yi aiki a asibitin soja na tafi-da-gidanka mai lamba 8055 a Koriya. Robert Altman ya mai da littafin fim a 1970, fim ɗin ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Cannes. Sai Larry Gelbart da Gene Reynolds suka ɗauko shi zuwa talabijin, suka ajiye asibitinsu na ƙirƙira, mai lamba 4077, kusa da garin Uijeongbu da ke arewa da Seoul. Amma duwatsun da ake gani a bayan tantunan na Malibu ne a Kalifoniya, a filin kamfanin Fox.

Mai sauraro a wannan zaure zai iya tuna Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi ma soja ne, kuma shirinsa ya yi tashe daga Kaduna a kusan waɗannan shekaru, bayan yaƙin basasa. Dukansu biyun sun mai da kaki abin dariya. Sai dai Samanja ya tsaya a bariki, inda ake dariyar Hausar bariki da fareti da rigimar gida, fagen fama kuwa yana can nesa. M*A*S*H ya kafa barkwancinsa taku kaɗan daga teburin da ake buɗe cikin yaro ɗan shekara goma sha tara. Abin da takardar nan ke bi shi ne yadda aka yi hakan ya yiwu a gidan talabijin da ke rayuwa da kuɗin talla.

2.0 Asibitin da ke bin yaƙi

Kafin a je ga wasan, a san wurin. Asibitin tafi-da-gidanka dabara ce da sojan Amurka suka fito da ita daga darasin Yaƙin Duniya na Biyu: maimakon a kai mai rauni ga likita a nesa, a kawo likitan kusa da bakin daga. Tantuna ne da ake iya kwancewa a loda a manyan motoci a bi sojoji, ko gaba suka yi ko baya. Abin da ya kammala dabarar shi ne helikwafta. Ƙaramin jirgin nan samfurin Bell H-13 ba shi da wurin kwantar da majiyyaci a ciki, sai a ɗaure gado ɗaya a kowane gefe daga waje, a rufe kan mai raunin da murfi saboda iska. Wannan jirgi ne ke buɗe kowane kashi na shirin, yana ɓullowa daga bayan tsauni, nas-nas na rugawa su tarye shi.

Dabarar ta yi aiki. A cikin masu raunin da suka isa asibiti da rai, kusan kashi 4.5 cikin ɗari ne suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. A Koriya adadin ya sauko zuwa wajen kashi 2.5. A can ne kuma likitoci irin su Frank Spencer da Carl Hughes suka nuna cewa ana iya ɗinke babbar jijiyar jini da harsashi ya yanke maimakon a ɗaure ta kawai. A yaƙin da ya gabata, kusan rabin irin waɗannan raunuka na ƙarewa ne da yanke hannu ko ƙafa; da aka koma ɗinki, abin ya ragu zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari.

Su waye likitocin? Da yawansu ba sojoji ba ne a zuci. Wata doka da majalisar Amurka ta yi a 1950 ce ta ba da ikon ɗibar likitoci dole, aka kwaso matasa daga asibitocin koyarwa, aka liƙa musu anini a kafaɗa, aka jefa su cikin sanyin Koriya. Soja na buƙatar hannunsu fiye da yadda yake buƙatar ladabinsu. Daga nan barkwancin shirin ya tsiro, domin Kyaftin Hawkeye Pierce, wanda Alan Alda ya fito a matsayinsa, zai iya yawo da rigar wanka a sansani, ya ƙi sara wa janar, ya dafa barasa a tantinsa, kuma ba wanda zai kulle shi, saboda in jirage suka sauka da dare babu mai maye gurbinsa a kan tebur. Iskancinsa yana da lasisi, lasisin kuwa jinin wasu ne ya saya masa.

3.0 Ƙofar ɗakin tiyata

A wancan zamani kusan duk shirin ban dariya a talabijin ɗin Amurka yana tafe da dariya a bayansa. In ba a ɗauki wasan a gaban 'yan kallo ba, sai a sa dariyar da aka naɗa a na'ura, ta irin wadda injiniya Charles Douglass ya ƙera, a dinga sakinta bayan kowace magana mai ban dariya. Aikinta ta gaya wa mai kallo a gida cewa nan ne wurin dariya, kuma ba shi kaɗai ke yi ba. Gelbart da Reynolds ba sa son ta ko kaɗan. Wace jama'a ce za ta taru tana ƙyalƙyala dariya a tsakiyar daji a Koriya? CBS kuwa ta dage. Aka yi ciniki, aka rabu a kan cewa za a sa dariyar ko'ina, ban da ɗakin tiyata.

Ga alama gidan talabijin ya ɗauki wannan a matsayin ƙaramin rangwame. Ni kuwa ina ganin a nan aka yanke wa shirin cibiya. Abin lura shi ne likitocin ba sa daina zolaya idan sun shiga tiyata. Hawkeye na tsokanar Manjo Frank Burns, yana yi wa nas ba'a, hannunsa na cikin cikin mutum. Maganar ban dariyar na nan, amsar ce babu. Sai ƙarar almakashi da numfashin na'ura. Mai kallo da aka saba riƙe wa hannu sai ya tsinci kansa shi kaɗai, dole ya yanke wa kansa shawara ko ya dace ya yi dariya. A cikin wannan shirun ne ake gane cewa zolayar Hawkeye aiki take yi, irin aikin da waƙa ke yi wa mai daka: tana riƙe hannu kada ya tsaya. Idan ya fito waje ya maimaita irin zolayar, na'ura ta saki dariya, kunnen mai kallo ya riga ya canza.

A Birtaniya gidan BBC ya riƙa nuna shirin babu dariyar na'ura sam. Duk wanda ya kalli kashi ɗaya ta hanyoyin biyu zai ga kamar shiri biyu ne: na Amurka yana roƙonka ka yi nishaɗi, na Birtaniya yana nuna maka gajiyayyun mutane da ke magana da sauri don kada su yi tunani.

Zangon farko bai yi kasuwa ba, ya ƙare a matsayi na 46 a jerin shirye-shiryen da aka fi kallo, har aka yi tunanin soke shi. A cikin wannan zango ne aka fara gwada ƙarfin iyakar, a kashin da ake kira "Sometimes You Hear the Bullet", wanda aka nuna ranar 28 ga Janairun 1973, washegarin sa hannu a kan yarjejeniyar Faris da ta fitar da sojan Amurka daga Biyetnam. Abokin Hawkeye na ƙuruciya, mai son rubuta littafi a kan yaƙi, ya kawo ziyara, aka sha, aka yi raha. Daga baya aka dawo da shi a kan gado, ya cika a hannun Hawkeye. Jarumin ya fita waje yana kuka, kwamandansa Henry Blake ya bi shi da maganar da ba ta da daɗi, cewa a yaƙi samari mutuwa suke yi kuma likita ba ya iya hana hakan. Abin da Hawkeye ya yi bayan nan ne ya fi jan hankalina. Akwai wani yaro da ya yi ƙaryar shekaru ya shiga soja, wanda Hawkeye ya yi wa alkawarin rufa masa asiri. Sai ya saɓa alkawarin, ya tona shi don a mai da shi gida. A nan shirun ɗakin tiyata ya fara biyo mutum zuwa waje ya sauya masa hali.

Da aka mai da shirin daren Asabar a zango na biyu, bayan shirin All in the Family, sai ya haura zuwa matsayi na 4. Kasuwa ta ba masu shi ƙarfin gwiwa. A 1974 suka yi kashin "O.R." wanda kusan duka a ɗakin tiyata yake, don haka bisa sharaɗin da CBS ta amince da shi da kanta, ba dariyar na'ura daga farko har ƙarshe. Wayo ne mai kyau: ba su karya doka ba, ɗakin kawai suka faɗaɗa.

Sai 18 ga Maris ɗin 1975. McLean Stevenson, mai fitowa a matsayin Henry Blake, zai bar shirin, aka rubuta cewa an sallami Henry zai koma ga matarsa da 'ya'yansa. Aka yi bankwana, aka yi dariya, ya hau jirgi. An ɓoye wa yawancin 'yan wasan shafin ƙarshe na rubutun sai dab da ɗauka. A fitowar ƙarshe, Kofur Radar O'Reilly ya shigo ɗakin tiyata ba takunkumi a fuskarsa, ya karanta saƙo cewa an harbo jirgin Henry a kan Tekun Japan, babu wanda ya tsira. Kyamara ta bi fuskoki da aka rufe da takunkumi, idanu kaɗai ake gani. Ba wanda ya bar teburinsa. Wani ƙarfen aiki ya faɗi ƙasa, aka ci gaba da ɗinki. A lura da inda aka zaɓa a faɗi labarin. Da a ɗakin cin abinci aka faɗe shi, da sai an kashe dariyar na'ura da gangan, mai kallo ya ji an yi masa shiri. A ɗakin tiyata kuwa shirun ya riga ya zama ɗan gida shekara uku. Wasiƙun ƙorafi sun kwarara, domin ba a saba kashe mutumin da ake so a shirin ban dariya ba. Mako shida bayan haka birnin Saigon na Biyetnam ya faɗi.

4.0 Lokacin da shirun ya mamaye sansani

Daga 1975 'yan wasa suka fara sauyawa, kuma kowane sauyi gefe ɗaya ya karkata. Henry Blake mai sakaci ya tafi, Kanar Sherman Potter, tsohon sojan doki mai natsuwa, ya zo. Trapper John mai neman mata ya tafi, B.J. Hunnicutt mai kewar matarsa ya zo. A 1977 Frank Burns, wawa kuma munafuki wanda ba ya iya tiyata, ya ba da wuri ga Manjo Charles Winchester, ɗan masu kuɗin Boston mai girman kai, amma gwani a kan tebur. Manjo Margaret Houlihan, wadda Loretta Swit ta riƙe tsawon shekarun nan, ta tashi daga abin tsokana ta zama shugabar nas-nas da ake jin nauyinta. Marubuta mata irin su Linda Bloodworth suna da hannu a wannan. Har Kofur Klinger, wanda ya yi shekaru yana sa kayan mata don a ce ya haukace a sallame shi daga soja, daga baya ya ajiye su ya karɓi aikin akawun sansani. Kada mai kallo na nan ya yi masa fassarar ɗan daudu. Dabarar gudun yaƙi ce kawai, kuma abin dariyar shi ne duk sansanin sun san haka.

Waɗannan sauye-sauye sun rage wawaye a sansanin, inda babu wawa kuwa barkwanci kan yi wuya. Masu shirin suka koma gwaje-gwajen salo. "The Interview" na 1976, kashin ƙarshe da Gelbart ya yi, an ɗauke shi baƙi da fari tamkar rahoton yaƙi, ɗan jarida na gaske, Clete Roberts, yana yi wa 'yan wasan tambayoyi. A nan ne Fada Mulcahy, limamin Kirista na sansanin, ya ba da labarin yadda a tsananin sanyi tururi ke tashi daga cikin da aka buɗe, likita ya ɗumama hannunsa a kai. "Point of View" na 1978 ya mai da kyamara idon sojan da aka raunata a maƙogwaro, ba ya iya magana, likitocin na leƙo shi daga sama. "Life Time" na 1979 ya ajiye agogo a kusurwar allo yana ƙirga mintunan da suka rage kafin rashin jini ya shanye ƙafafun majiyyaci.

Hanya mafi sauƙi ta auna nisan da aka yi ita ce a jera kashi biyu masu labari kusan ɗaya. A "White Gold" na 1975, Hawkeye da Trapper sun cire wa Kanar Flagg, jami'in leƙen asiri, 'yar hanjin nan ta afendis alhali lafiyarta ƙalau, don su kawar da shi daga hanya. Aka yi dariya aka wuce. A "Preventive Medicine" na 1979 Hawkeye ya sake yin haka ga wani kwamanda da ke jefa yaransa cikin halaka don neman suna. Wannan karon B.J. ya ƙi sa hannu, ya ce yanka mai lafiya cin amanar aikin likita ne. Mike Farrell, mai fitowa a matsayin B.J., shi ne ya ƙi amincewa da rubutun farko, aka shigar da gardamar tasu cikin wasan. Hawkeye ya yi tiyatar shi kaɗai. Bai gama hutawa ba aka sanar cewa ga masu rauni nan tafe. An cire kwamanda ɗaya, yaƙi bai ko lura ba.

A ganina wannan ne wuri mafi gaskiya a shirin duka, domin ya taɓa abin da shirin ya fi jin tsoro. Asibitin soja wani ɓangare ne na yaƙi. Sojan da aka ɗinke da kyau, in rauninsa bai kai na komawa gida ba, bakin daga zai koma. Ƙwarewar Hawkeye na cikin abin da ke sa yaƙin ya ɗore. Shirin ya san haka, yakan faɗa jefi-jefi, amma ba ya daɗewa a wurin.

Dole kuma a faɗa cewa zangunan ƙarshe sun yi nauyi. Wa'azi ya yi yawa, mutanen da suka fara a matsayin 'yan tawaye suka zama iyali guda masu fahimtar juna, gashin Alda ya yi furfura a yaƙin da bai wuce shekara uku ba. Shi kansa Hornberger, mai littafin, mutum ne mai ra'ayin riƙau, kuma bai ɓoye cewa ba ya son yadda aka mai da Hawkeye ɗinsa mai adawa da yaƙi ba.

5.0 Waɗanda aka bari a waje

Kowa ya san cewa Koriya a bakin shirin take, Biyetnam ce a zuciyarsa. Tun a fim ɗin Altman sai da kamfanin Fox ya sa aka ƙara rubutu a farko mai nuna cewa Koriya ce, don kada a ɗauka Biyetnam ake nufi. Tsohon yaƙi ya zama mayafi da ake fakewa a ciki a soki sabo. Dabarar ta yi amfani, amma akwai wanda ya biya kuɗinta. Idan Koriya mayafi ce, to mutanenta ado ne a jikin mayafin.

Amurka ta rasa mutum dubu 36 da ɗoriya a yaƙin. Mutanen Koriya, kudu da arewa, sun rasa miliyoyi, fararen hula da yawan gaske a ciki. A shirin kuwa Bakoriye yakan fito ne a matsayin yaron gida, ko ɗan kasuwar bayan fage, ko manomi mai neman diyyar saniyarsa, ko marayan da za a ji tausayi. Sau da yawa ma 'yan wasan asalin Japan ko Sin ne, kamar Pat Morita da Mako da Rosalind Chao, ko da yake Soon-Tek Oh, wanda ya fito sau da dama, Bakoriye ne. Irin wannan gyaran fuska ya shafi baƙar fata ma. Akwai likita baƙar fata a farkon zango na ɗaya, aka cire shi, aka ba da hujjar cewa babu baƙaƙen likitocin tiyata a irin waɗannan asibitoci a Koriya. Hujjar ba ta tsaya ba, domin Dakta Alvin Blount ya yi aiki a asibiti mai lamba 8225.

Adalci ya sa a ambaci inda shirin ya yi ƙoƙari. A "For the Good of the Outfit" na 1973, likitocin sun gane daga ɓaraguzan da suke cirowa a jikin ƙauyawa cewa manyan bindigogin Amurka ne suka yi wa ƙauyen ruwan wuta, suka kai rahoto, manya suka nemi binne maganar. An nuna wannan shekara 26 kafin kamfanin dillancin labarai na AP ya fallasa, a 1999, kisan 'yan gudun hijira da sojan Amurka suka yi a No Gun Ri cikin Yulin 1950. A wani kashi na ƙarshen 1979 an tsinci jaririya da sojan Amurka ya haifa da Bakoriya, likitocin suka yi ta yawo ofis-ofis, kowa na kakkaɓe hannunsa. Ba ƙaramin abu ba ne a nuna waɗannan a lokacin da iyali ke zaune gaban talabijin.

Amma a duba ta idon wa ake kallo. Ko a waɗannan kashi, labarin na lamirin likitan Amurka ne. Likita bai harbi kowa ba, ba shi ya aiko da kansa ba, yana yi wa abokin gaba magani kamar yadda yake yi wa nasa. Mai kallon da ya gaji da ganin ƙasarsa a matsayin mai laifi a labaran yamma, sai ga shi an ba shi ɗan ƙasarsa mai tsabtar hannu a tsakiyar yaƙi, wanda zai tsaya a bayansa ya la'anci yaƙi gaba ɗayansa, kamar annoba da ta sauko daga sama. Shi ya sa mai goyon bayan yaƙin Biyetnam da mai adawa da shi suka iya zama a kujera ɗaya suna kallo. Ba a tara mutum miliyan ɗari a kan maganar da ta nuna wani da yatsa.

Kashin ƙarshe, "Goodbye, Farewell and Amen", mai tsawon sa'a biyu da rabi, wanda Alda ya ba da umarni, ya fito da wannan a fili. Ya buɗe da Hawkeye a asibitin masu taɓin hankali, likitan ƙwaƙwalwa Sidney Freedman na tono masa wani abu da ya binne. Suna dawowa daga bakin teku a bas, suka ɗauki 'yan gudun hijira, sai aka ce akwai sintirin abokan gaba a kusa, aka kashe mota, kowa ya yi tsit. Hawkeye na tuna cewa wata mata na riƙe da kaza mai kuka, ya daka mata tsawa ta sa ta yi shiru, matar ta shaƙe ta. Freedman ya yi ta matsa masa har gaskiya ta fito: ba kaza ba ce, jaririnta ne. Babu dariyar na'ura a wannan dare ko kaɗan. Ɗakin tiyata ya haɗiye sansanin duka. Fitowa ce mai girgiza zuciya, kuma a nan shirin ya fi kusantar cewa hannun jaruminsa ma ba shi da tsabta. Duk da haka, matar ba ta da suna. Ba a bi ta an ga inda ta kwana ba. Mutuwar ɗanta ta zama ciwon da za a yi wa Hawkeye magani, ya warke, ya koma tiyata, ya hau helikwafta zuwa gida.

Mutum ɗaya ne bai tafi ba. Klinger, wanda ya fi kowa ƙoƙarin tserewa, ya auri Soon-Lee, 'yar gudun hijira, ya zauna a Koriya don taya ta neman iyayenta da yaƙi ya raba su. Shirin ya ba wannan 'yan mintuna, rabi raha rabi tausayi.

Wata huɗu bayan haka, ranar 30 ga Yunin 1983, gidan talabijin na KBS a Seoul ya fara wani shiri kai tsaye don haɗa iyalan da yaƙin ya tarwatsa. An tsara shi a matsayin shiri na ɗan lokaci, amma jama'a suka cika harabar gidan, suka lulluɓe bangonsa da takardu masu ɗauke da sunayen 'yan uwa. Mutum ya tsaya gaban kyamara riƙe da allo, an rubuta sunan wanda yake nema, da garinsu, da inda suka rabu, wani lokaci har da tabon da ke jikinsa. Shirin bai tsaya ba sai 14 ga Nuwamba, bayan kwana 138 da sa'a 453 a kan iska. An karɓi buƙata sama da dubu ɗari, aka haɗa iyalai 10,189, duk a cikin waɗanda ba su maƙale a Koriya ta Arewa ba, domin iyakar na rufe. A 2015 hukumar UNESCO ta sa faya-fayan shirin cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya. Shawarata ga duk mai koyar da M*A*S*H a ajin nazarin talabijin ita ce ya haɗa kashin ƙarshensa da sa'a guda daga faya-fayan KBS a zama ɗaya, ya fara da na Seoul.